Kogi a Ƙarƙashin Ƙafarka, Ƙishirwa a Maƙogwaronka

Karatu: Yohanna 7:37-39

Bari in ɗauke ka yau mu yi tafiyar yini guda a ƙasar Sudan. Za mu soma daga Mugran a birnin Khartum, inda koguna biyu suke gamuwa. Farin Nilu ya taso daga Tafkin Biktoriya, Shuɗin Nilu kuma ya gangaro daga Tafkin Tana a duwatsun Habasha. A gefen tsibirin Tuti suke haɗuwa, Omdurman tana yamma, Bahri tana arewa. Da damina, lokacin da Shuɗin Nilu ya cika ya ɗauko laka, kana iya ganin launin kowane kogi daban, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya.

Daga nan, in ka bi hanyar Shandi wajen kilomita 80 arewa, sai ka ratse zuwa Sabaloka. A can kogin ya tsaga tsakiyar manyan duwatsu, ya matse, ya yi sauri. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mutanen Khartum sukan je can ranar Jumma'a da iyalansu, waɗansu su shiga kwalekwale, waɗansu su zauna a kan yashin gaɓa, masu ƙarfin gwiwa kuma su hau tudu su bi bakin dutse da ƙafa.

To, ka ɗauka kana cikin masu hawan. Da safe abin daɗi ne. Daga sama kana ganin kogin duka, da 'yan tsibirai, da korayen gonaki da suka bi gaɓa kamar zare, bayansu kuwa sai hamada. Amma zafin ƙasar nan a watan Mayu yakan wuce awo 40, dutse kuma ba shi da inuwa. Kafin azahar gorarka ta ƙare. Leɓe ya bushe, miyau ya yi kauri, kai ya soma sarawa. Ga kogin da ke shayar da Masar duka yana wucewa a ƙarƙashin ƙafarka, kana jin ƙararsa, kana ganin walƙiyarsa, amma ko ɗigo bai shiga bakinka ba. Gani ba ci ba ne. Dole ka bar wurin kallon nan mai kyau, ka nemi hanyar gangara, ka sauka a hankali, wani wuri da hannu da gwiwa.

Abin da muka karanta yau ya faru a Urushalima, a ranar ƙarshe ta Idin Bukkoki. Al'adar Yahudawa ce a kwanakin idin firist ya ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam cikin tulun zinariya, a raka shi da waƙoƙi da busa, ya tsiyaye shi a bagade. Dubban mutane suna tsaye suna kallo. Ka lura da kyau, ruwan kallo ne. Ba wanda ya koma gida ya ce ya sha. A tsakiyar wannan taro Yesu ya miƙe tsaye ya ɗaga murya, ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha. Bai kira su su ƙara kallo ba, gama sun yi kwana bakwai suna yi.

Shekara nawa ke nan kana tsaye a bakin dutse, ɗan'uwa? Mai yiwuwa a majami'a aka yi maka suna. Ka san littattafai 66 a jere, kana cikin ƙungiyar mawaƙa, ko kuwa ke 'yar'uwa kina sahun gaba a zumuntar mata, ba kya rasa taron shekara. Wannan shiri ma ba ya wuce ka a rediyo. Duk suna da kyau, ban raina ko ɗaya ba. Amma yaushe rabon da ka durƙusa kai kaɗai, ba mai ganinka, ka faɗa wa Ubangiji ainihin zunubinka da sunansa? Saukowar ke nan, ita ce kuwa mai wuya, musamman ga wanda aka saba ganinsa a sama. Dattijon ikkilisiya ya fi sabon tuba jin nauyin cewa, na bushe. Mu masu wa'azi ma muna cikin wannan hatsari fiye da kowa, gama muna iya kwatanta kogin da kyau har mu manta ba mu sha ba. Hausawa kuwa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada ka ce za ka jure. Ƙishirwa ba ta jira. Bayan faɗa ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, tashoshin tace ruwa suka tsaya a unguwanni da yawa, famfo ya ƙafe a birnin da ke zaune tsakanin koguna biyu. Mutane suka koma ɗiban ɗanyen ruwan kogi da na rijiyoyin da ba a tsabtace ba, ana sayarwa a kan amalanken jaki. A watan Mayu 2025 cutar kwalara ta yi ɓarna ƙwarai, musamman a Omdurman. Ba wanda zai ga laifinsu, ba su da zaɓi. Kai kana da shi. Zuciyar da ba ta sha daga wurin Yesu ba za ta sha daga wani wuri: wurin boka a asirce, wurin kwalba, wurin matar wani, ko wurin masu sayar da mu'ujiza da kwalbar mai.

Yohanna ya bayyana mana cewa Ruhu Mai Tsarki Yesu yake nufi, ya kuma yi alkawari cewa wanda ya gaskata, ruwan ba zai tsaya a cikinsa ba, zai malalo ga waɗansu. Mutanen Sudan suna da wata al'ada mai kyau. Sukan jera randunan ƙasa a inuwa bakin hanya ko ƙofar gida, da moɗa a kai, suna kiransu sabil. Duk mai wucewa ya sha kyauta, ba a tambayarsa ƙabila ko addini. Amma kowace safiya sai maigidan ya sake cika su, in ba haka ba matafiyi ya zura moɗa ya ji ta bugi ƙasa. 'Ya'yanka suna zura moɗa a cikinka kullum, maƙwabcinka ma haka. Me suka samu a makon nan?

Addu'a: Ya Uba, ga ni na sauko, ina jin ƙishi. Ka shayar da ni da Ruhunka. Ka tuna da mutanen Khartum da Omdurman da Bahri, da waɗanda yaƙi ya kora zuwa Cadi da Masar da Sudan ta Kudu, da 'yan'uwanmu masu bi a cikinsu. Ka ba su ruwa mai tsabta da salama. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.