Yaron Da Ba Ya Gaisuwa

A ƙasar Hausa, da duk inda Hausawa suka kafa zango, gaisuwa ita ce mudun farko da ake auna tarbiyyar yaro da shi. Idan yaro ya durƙusa ya ce ina kwana, sai a ce gidansu akwai manya. Idan ya wuce bai tanka ba, sai a tambayi ɗan wane ne, domin a san wanda za a zarga. Mudun nan yana da kyau, ya kuwa raya gidaje da yawa. Amma akwai wani irin yaro wanda in an auna shi da wannan mudu za a zalunce shi, a zalunci iyayensa tare da shi.

Shi ne yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba, ko kuwa ya fara ya daina. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, har a yi tsammani kurma ne, ga shi kuwa ƙarar injin niƙa daga nesa takan sa ya toshe kunnuwa yana kuka. Ba ya nuna wa uwarsa tsuntsu da yatsa domin su duba tare. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi, in aka gusar da ɗaya sai gida ya rikice. Wani yana da magana, amma in aka ce masa, "Ina kwana?" sai ya mayar da "Ina kwana?" maimakon "Lafiya lau." Ba ya son haɗa ido da mutane, sai dai wannan alama takan ɓuya a gidan Bahaushe, gama sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Waɗansu suna ce masa galahanga, ko da yake kalmar nan ana tara larurori dabam dabam a cikinta. Otizim yana zuwa ne daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farkon rayuwa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma ciwo ba ne da zai wuce da allura. Mai shi yana girma da shi, yana kuwa iya koyo dukan kwanakinsa. Masu shi ba ɗaya suke ba: wani yakan yi karatu mai zurfi, wani ba zai yi magana da baki ba har tsufansa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, an kuma fi gane shi ga yara maza.

Wa ya yi laifi?

Da zarar an lura yaron ba kamar sauran ba ne, sai a shiga neman mai laifi. Uwar miji ta ce matar ta fita da almuru tana da ciki, iska ta shafe ta. Maƙwabta su ce ɗan ruwa ne, ko sammu. A cikin ikilisiya ma akan ji masu raɗa cewa akwai ɓoyayyen zunubi a gidan. Yawancin lokaci kan uwa kayan yake sauka.

Kada a ce jahilcin ƙauye ne kaɗai, gama masu ilimin Turai da Amurka sun faɗa ramin nan. A 1943 wani likita mai suna Leo Kanner, a birnin Baltimore na Amurka, ya bayyana wannan hali bayan ya duba yara 11. Ba da daɗewa ba sai ra'ayi ya bazu cewa rashin ƙaunar uwa ne yake jawo shi. Bruno Bettelheim ya ƙarfafa zancen a littafinsa na 1967, mata da yawa suka sha baƙin ciki a kan laifin da ba su yi ba. Wanda ya fara tsayawa da ƙarfi ya ƙi zancen, a 1964, shi ne Bernard Rimland, masani wanda shi kansa uban irin yaron nan ne. A 1977 binciken tagwaye a Ingila ya nuna gado yana da babban hannu a ciki. Gadon kuwa ta wajen uba yana zuwa, ta wajen uwa yana zuwa, ba wanda ya zaɓi abin da zai gadar.

Sa'an nan aka koma zargin allurar rigakafi. A 1998 wani likita a Ingila ya danganta otizim da allurar ƙyanda. A 2010 mujallar da ta buga aikinsa ta janye shi, aka kuma hana shi aikin likita. Binciken yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmak, wanda aka buga a 2019, bai sami wata dangantaka ba. Uwar da ta hana ɗanta allura saboda wannan tsoro ta buɗe wa ƙyanda ƙofa a banza.

Me ya sa mutane suke ƙaunar tambayar nan haka? Domin tana sauke wa mai yin ta kaya. In laifin uwa ne, to, maƙwabci ba shi da abin yi sai kallo. Almajiran Yesu sun yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura 9: zunubin mutumin ne ko na iyayensa? Ubangiji ya kawar da duka biyun, ya juya hankalinsu ga aikin Allah da za a bayyana a kan mutumin. Su sun tsaya suna binciken jiya, shi kuwa ya tsuguna ya kwaɓa ƙasa ya shafa wa makahon.

Wani zai ce, "Ai Markus sura 9 ta ba da labarin yaro bebe mai aljan." Gaskiya ne. Amma Matiyu, a ƙarshen sura 4, ya lissafta masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam, watau Littafi Mai Tsarki bai mai da kowace larura aljan ba. Ba kuma inda aka rubuta Yesu ya ɗaure yaro, ko ya doke shi, ko ya hana shi abinci kwana uku da sunan azumi. Addu'a wajibi ce a kan kowane yaro. Wanda ya azabtar da yaro da sunan addu'a, ya karɓi kuɗin iyayensa a kai, zai ba da lissafi.

Abin da yake wuyan iyaye

Na fari cikin yaran nan 11 sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest, a jihar Misisipi. A 1937 iyayensa suka kai shi gidan ajiye yara, kamar yadda ake yi a zamanin. Bayan shekara guda suka komo suka ɗauke shi. Da ya ɗan girma ya zauna wajen shekara huɗu a gidan wani manomi da matarsa. Yaron yana da son aune-aune da ƙirge-ƙirge wanda ba ya ƙarewa. Manomin bai tsawata masa ba. Ya sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta. Da ya ga kullum yana ƙirga kunyoyin masara, sai ya ba shi garma ya ce ya ƙirga yana nomewa. Donald ya gama kwaleji a 1958, ya yi aikin banki a garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Manomin nan ba likita ba ne. Ya dai dubi abin da yaron yake so, ya mai da shi ƙofa. Wannan shi ne farkon abin da ake bin iyaye: su yi nazarin ɗansu. Me yake tsorata shi? Me yake kwantar masa da rai? Kukan da yake yi a kasuwa, taurin kai ne ko hayaniya ce ta fi ƙarfinsa? Yaron da ba shi da kalmar da zai ce cikinsa yana ciwo, da cizo da birgima zai faɗa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da yawa kuwa sun ɗauka bulala ake nufi. Bulala tana gyara wanda ya san abin da ake so ya ƙi yi. Wanda bai gane abin da ake so ba, tsoro kaɗai za ta koya masa. Gaskiyar da take cikin karin maganar ita ce a fara da wuri. A kai yaron asibiti a gwada jinsa, a duba ko yana da farfaɗiya, gama takan zo tare da otizim, tana kuwa da magani. A gida a tsara masa yini, lokacin wanka da na ci da na barci su zama sanannu, in za a sauya abu a gaya masa tukuna. A yi masa magana gajere. A raba aiki gunduwa gunduwa: yau ɗaukar buta, gobe zuba ruwa, jibi wanke hannu. In baki bai buɗe ba, a koya masa nuna hoton ƙoƙo in yana jin ƙishi, gama nuni ma magana ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Iyayen Donald masu hali ne, ba kowane yaro ne kuma zai kai inda ya kai ba. Akwai iyayen da za su yi dukan abin nan shekara ashirin, ɗansu bai ce "Baba" ba ko sau ɗaya. Ba su kāsa ba. Ba a ɗora wa iyaye su warkar ba, an ba su amana ne su riƙe. Darajar yaron tana tare da shi tun ranar da aka halicce shi cikin siffar Allah, ba ta jiran ranar da zai yi magana.

Abu biyu sukan ɓata wannan riƙo. Na ɗaya kunya, wadda takan sa a kulle yaro a ɗaki in baƙi sun zo, har dangi su manta da sunansa. Na biyu rashin adalci cikin rabon kaya. Maigida ya fita tun asuba ya bar wa matarsa dukan wahala, ko a cire yayar yaron daga makaranta ta zama mai reno. Ɗa na uba ne kamar yadda yake na uwa. Ba daidai ba ne kuma a biya bukatar yaro ɗaya da karatun 'yar'uwarsa.

Makaranta

A nan akwai gardama mai nauyi. Malami yana da aji cike maƙil, ga yaro ɗaya yana tashi yana zagayawa. Iyayen sauran za su ce, "Don me 'ya'yanmu za su yi hasara saboda ɗaya?" Ba za a raina wannan magana ba, malamin ma mutum ne. Amma a duba abin da yaron yake bukata: wurin zama guda da ba ya sauyawa, nesa da ƙofa, aboki mai haƙuri a gefensa, izinin fita ya huta in hayaniya ta yi yawa, wataƙila rabin yini da farko. Yawancin waɗannan ba su cin kuɗi. Iyaye su je wurin malami tun kafin a buɗe makaranta, su ce, "Malam, ga abin da yake tsoro, ga abin da yake so," gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu nakasa ta ce a sashe na 24 kada a hana yaro makaranta saboda nakasarsa. Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010, Gana a 2012. Saboda haka uban da ya kai ɗansa makaranta haƙƙi yake nema. Sauran yaran kuma ba hasara kaɗai suke yi ba. Wanda ya zauna shekara shida kusa da irin yaron nan, da wuya ya girma ya jefi wani da dutse a hanya yana kiransa mahaukaci. Makarantun da ikilisiya ta gina ya kamata su riga kowa buɗe wannan ƙofa. In karatun takarda ya tsaya, ga kiwo, ga lambu, ga saƙa da ɗinki. Mai son yin abu iri ɗaya kullum ba tare da gajiya ba yakan yi kyau a irin waɗannan ayyuka.

Ikilisiya

Ran Lahadi akan ga wata mace zaune a gindin itace bayan majami'a, da ɗanta, tana jin wa'azi ta taga. Ganguna da lasifika sun kore shi, hararar jama'a ta kore ta. Bayan 'yan watanni ba a ƙara ganinta, ba kuwa mai tambaya. Bulus ya koya wa Korantiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 12, cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana ne ba a iya yi sai da su. In haka ne, ikilisiyar da ta bar matar nan a waje ita ce ta nakasa.

Gyaran ba shi da wuya. A ba su benci kusa da ƙofa domin su fita su komo. A rage lasifika. Zumuntar mata su riƙa karɓar yaron sa'a biyu a mako, uwar ta je kasuwa ko ta yi barci. A ajin koyarwa kada haddar tambaya da amsa ta zama ita kaɗai ce ƙofa. Yaron da yake natsuwa in an fara addu'a, ko yake bin waƙa da kaɗa jiki, ya ba da tasa amsa. Sa'ad da almajirai suka kori yara, Yesu ya ji haushi, ya rungume su ya sa musu albarka, bai tambaye su kome ba tukuna.

Akwai tambaya guda da take hana iyayen nan barci: "Bayan ranmu, wa zai riƙe shi?" Likita ba shi da amsarta, malami ma haka. Amsar tana wurin dangi da ikilisiya, masu cewa ɗa na kowa ne. Tun yanzu ake fara ba da ita, da ƙaramin abu. Dattijo ya gamu da yaron a ƙofar majami'a, ya kira sunansa, ya ce, "Sannu, ɗana," bai jira a amsa ba, mako mai zuwa ya sāke. Ba abin kunya ba ne babba ya fara gaisuwa, gama Allah ne ya fara neman mutum tun mutum bai san yadda zai amsa ba.

Ubangiji ya ƙarfafa iyayen da suke ɗauke da wannan amana, ya ba jama'arsa idon ganinsu. Amin.