KA KALLI VIKINGS: A WANE ƁANGARE ZUCIYARKA TA TSAYA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, da yawa cikin matasanmu sun kalli fim ɗin nan mai dogon zango da ake kira Vikings, wanda aka fara nunawa a 2013 aka kammala a 2020, zango shida. Labarin mutanen arewacin Turai ne na da, kakannin mutanen Nowe da Suwidin da Denmak. In ka saurari masu kallonsa, maganarsu kusan ɗaya ce: wai Ragnar namiji ne, wai mutanen nan ba sa tsoron mutuwa. Wani ma zai gaya maka sai da ya yi hawaye ranar da aka jefa Ragnar cikin ramin macizai. To, wannan hawayen nake so mu tsaya mu duba.

Farmakin da ya fito da sunan Ragnar a zango na farko an ɗauko shi ne daga tarihi. A shekarar 793 waɗannan mutane suka dira a tsibirin Lindisfarne da ke arewa maso gabashin Ingila, suka auka wa gidan ibadar Kiristoci. Ba soja a wurin, ba makami. Suka kashe masu bauta, suka kwashe dukiya, suka kama wasu bayi. Wannan fashi ne, ko da wace irin kiɗa aka sa masa. Amma mai shirya fim ya san aikinsa. Ya riga ya shigar da kai gidan Ragnar, ka ga matarsa Lagertha, ka ga 'ya'yansa, ka ga yadda shugabansu yake danne shi. Kafin jirgin ya isa gaɓa, kai ma kana cikin jirgin. Wanda aka yanka ba ka san sunansa ba, shi ya sa jininsa bai dame ka ba.

Kwatanta wannan da wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ya hana shi taɓa waɗanda suka killace kansu a ɗakunan bauta, ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya. Wannan shi ne yaƙin da addininka ya sani. Yaya za a yi wanda ya gaji wannan tarbiyya ya zauna yana tafa wa masu yanka mutane a wurin bautarsu?

Kuma kada ka ɗauka abin bai shafi Musulmi ba. A shekarar 844, wato 230 bayan Hijira, jiragensu suka haura kogi har birnin Ishbiliya a Andalus, suka kashe, suka kama mata da yara, har sai da rundunar Sarki Abdurrahman na Biyu ta zo ta karya su. Marubutan Musulmi Majusawa suke kiransu. A 859 suka dawo, suka ƙona masallacin Jaziratul Khadra, garin da a yau ake kira Algeciras. Fim ɗin ya nuna harin wannan gari, sai dai ya nuna Floki ya shiga masallaci, salla ta burge shi, ya tsaya ya hana mutanensa karkashe masallata. Musulmi da yawa sun ji daɗin wannan wurin. Tarihi kuwa cewa ya yi masallacin wuta ya ci. Ka ga yadda ake shafa wa mai kallo zuma a baki.

Akwai malamin da ya gan su ido da ido. Ahmad Ibn Fadlan yana cikin tawagar da Halifa Al-Muktadir ya aika daga Bagadaza a 921, ya haɗu da wasu daga cikinsu a bakin kogin Volga, a ƙasar Rasha ta yau, a 922. Ya yaba tsayinsu da kyawun jikinsu, bai ɓoye ba. Sannan ya ba da labarin yadda wani babbansu ya mutu, aka kashe kuyangarsa, aka haɗa su cikin jirgi aka cinna wuta. Bai bari kyawun sura ya rufe masa ido daga munin aiki ba. Irin wannan idon ne mai kallo na yau ya rasa.

Sai batun rashin tsoron mutuwa. Su a aƙidarsu, wanda ya mutu a fagen daga zai shiga Valhalla wurin abin bautarsu Odin, a yi ta yaƙi da shaye-shaye. Ba a tambayar a kan me ka yi yaƙin, ko wa ka zalunta. Mu kuwa an tambayi Manzon Allah (SAW) game da mai yaƙi don jarumta, da mai yi don ƙabilanci, da mai yi don a gani, sai ya bayyana cewa wanda ya yi don kalmar Allah ta ɗaukaka shi ne a kan tafarkin Allah. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. A wani hadisin na Muslim, cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama har da wanda aka kashe a yaƙi, amma niyyarsa a ce masa jarumi. An faɗa a duniya, ladansa ke nan, sai a ja shi zuwa wuta. Subhanallah! In wannan ne makomar wanda ya fita da sunan Musulunci da gurɓatacciyar niyya, ina ga wanda ya fita neman ganima da sunan gunki? Larabawan jahiliyya ma ai jarumai ne. Jarumtar Umar da Khalid ba ta amfane su ba sai da imani ya yi mata linzami.

Ban manta da tsiraici da zinace-zinacen da ke cikin fim ɗin ba, da yankan mutane ga gumaka da aka nuna a Uppsala. Waɗannan hukuncinsu a fili yake, kuma su kaɗai sun isa mai tsoron Allah ya kashe wayarsa. Wanda ya fi ɓuya shi ne son da ke shiga zuciya a hankali, har yaro ya sa wa kansa laƙabin Ragnar ko Ivar, ya je a aske masa gefen kai a bar tsakiya, alhali hadisin Ibn Umar ya hana aske wani sashe a bar wani. Kuma ya tabbata daga Annabi (SAW) cewa mutum zai kasance tare da wanda yake so.

Ɗan uwa, in ka riga ka kalla, tambayi kanka: da aka nuna jirage sun nufo gari, addu'ar wa ka yi, ta masu zuwa ko ta mutanen garin? In amsar ta ba ka kunya, alhamdu lillah, zuciyar tana da rai. Ka yi istigfari, ka ɗauki littafin Sira ka karanta Badar da Uhudu, ka koya wa ƙannenka sunan Mus'ab ɗan Umair kafin fim ya koya musu wani.

Allah Ya sa mu so waɗanda Yake so, Ya tashe mu tare da su. Wallahu a'alam.