Ƙarfin Zuciya Ko Taurin Zuciya?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar soja ta san wannan, shi ya sa ba ta ɗaukan yaro yau ta kai shi daji gobe. Tun 1924 akwai barikin horon kurata a Zariya, inda saurayi yakan yi watanni yana koyon fareti da harbi da jimrin yunwa da rana. Jiki yana horuwa, hannu yana sabawa da bindiga. Amma akwai tambaya guda wadda ta shafe mu duka, gama 'ya'yanmu da ƙannenmu suna cikin masu tafiya. Wace irin zuciya ya kamata a shirya wa mutumin da za a aika bakin mutuwa?

Bari mu dubi inda ake aika waɗansunsu. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta suka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba suka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a Kaya, ƙasar Maradun. Irin waɗannan abokan gaba ba su da kaki. Bisa babura suke zuwa, sun san daji tamkar ɗakinsu, suna kuwa da masu kai masu labari cikin gari. Sojan da aka girke a can ba ya sanin ko wanda ya sayar masa da goro jiya shi ne zai nuna masaukinsa yau. Wannan zullumi yana cin zuciya fiye da ƙarar harsashi.

Mutane da yawa suna cewa maganin abin shi ne a taurara shi. A cire masa tsoro, a cire masa tausayi, ya zama kamar dutse. Maganar tana da daɗin ji, amma ba daidai ba ce. Ku tambayi maƙeri. Idan ƙarfe ya yi tauri ya wuce kima, bugu ɗaya sai ya karye. Gatari mai kyau shi ne wanda ya sha wuta da ruwa bisa ga gwargwado.

Tsoro ba ya fita daga ɗan Adam, ɓuya kawai yake yi. Wani likitan Ingila mai suna Lord Moran, wanda ya yi jinyar sojoji cikin yaƙin duniya na fari, ya rubuta littafi a 1945 yana nuna cewa jaruntaka kamar jari take: kowane dare na haɗari yana cin wani abu daga ciki, idan kuwa ba a mayar ba sai ta ƙare. Mun ga haka a ƙasarmu. A watan Mayu 2014, a barikin Maimalari na Maiduguri, sojoji suka ga gawawwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna, sai suka buɗe wa motar babban kwamandansu wuta. Aka yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta. Ba mu wanke laifinsu ba. Amma waɗannan mutane duka an hore su su yi tauri, abin da suka haɗiye ya yi yawa, ya fashe inda bai kamata ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Zuciyar da aka kashe wa tausayi ba ta bambanta ɗan bindiga da manomi. Dattawan Mafara da Bakura da Maradun suna tunawa da Afrilu 1980, sa'anda 'yan sanda suka harbe manoman da suke neman diyyar gonakinsu a madatsar ruwa ta Bakolori. Sojan yau ba shi da hannu cikin wannan, amma cikin mutanen da suka san shi zai zauna. Idan ya mari tsoho a shinge, ko ya karɓe kuɗin mai kai gero kasuwa, wa zai gaya masa inda babura suka bi da dare? Ya rasa idanunsa da kunnuwansa ke nan. Randa ya tuɓe kaki kuma, lamirinsa zai bi shi har gida.

Wani zai ce, to, mai tausayi ba zai yi jinkiri a harbe shi ba? Tambaya ce mai kyau. Amma tausayi dabam, sanyin jiki dabam. Makiyayi mai ƙaunar garkensa ya fi ɗan ƙodago tsayawa gaban kura. Wanda ya san 'yan matan Jangebe 'ya'yan wani ne, shi ne zai kwana bai runtsa ba domin kada a sake.

Da me ake gina irin wannan zuciya? Da gaskiya tukuna. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 20, ta sa a tsaya gaban runduna kafin yaƙi a sallami mai sabon gida, da mai sabuwar gonar inabi, da wanda ya yi tashi bai yi aure ba, har da mai jin tsoro. Ashe tun dā an san tsoro abu ne da ake faɗinsa a fili, an kuma san mutumin da hankalinsa ya rabu biyu ba ya tsayawa. Saboda haka a gaya wa soja abin da zai tarar, ba ragi, ba ƙari. A biya shi hakkinsa kan kari, a gaya masa ranar da za a canja shi, a kuma cika alkawari.

Ana gina ta kuma da aboki. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a 1944 da 1945 sun fito daga kabilu iri iri, Hausa ce ta haɗa da yawansu, kowa ya san na kusa da shi ba zai bar shi cikin kurmi ba. Haka yake har yau. Musulmi da Kirista suna kwana rami ɗaya, suna shan ruwan buta ɗaya. Wanda yake da mutum guda da zai iya ce masa, yau na ji tsoro, ba ya saurin karyewa.

Sai kuma lamiri mai tsabta. Sa'anda sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai sa su ajiye makamai ba. Ya hana su ƙwace da ƙage, ya sa su dogara ga albashinsu. Sojan da ya riƙe wannan yana da abin tsayawa a kai ko da ƙasa tana rawa.

Ya 'yan'uwa, mu ma muna da rabonmu. Kada dattawan ekklesiya su jira sai an kawo gawa kana su san ƙofar gidan soja. Ku zauna da shi kafin ya tashi, ku bar shi ya faɗi abin da ke ransa, ku yi addu'a tare. Ku sa ya san akwai mai duban matarsa da kuɗin makarantar yara. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara makonni da yawa, mata ba su ji muryar mazansu ba. A irin wannan lokaci zumuntar mata takan zama uwa. Idan kuma ya komo yana firgita cikin barci, ko yana saurin fushi, ko ya kama sha, kada ku ce bangaskiyarsa ce ta kasa. Rauni ne, kamar na harsashi. Ku ji shi da haƙuri, ku raka shi wurin likita. Akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato.

Ubangiji shi ba 'ya'yanmu zuciya mai ƙarfi wadda ba ta bushe ba, shi komo da su lafiya. Amin.