Amanar da ke cikin tukunyar birki

A Garwa ba a saurin yar da tsohuwar mota. Za ka ga Marsandi da ta girmi direbanta tana jigilar auduga da masara, kuma ina yaba wannan hali, domin almubazzaranci ba abin alfahari ba ne. Sai dai akwai ƙarfe ɗaya da ke sa ni ja da baya: tukunyar birki, wadda makanikai ke kira masta.

Aikinta tura man birki zuwa ƙafafu idan direba ya taka. Idan robobinta kaɗai suka cinye, a canza su, gyara ya yi. Amma man birki na shan danshi, tsatsa kuma takan rarake cikin tukunyar. Sabuwar roba a kan ƙarfe mai rami ba ta daɗewa, sai birki ya riƙa nutsewa ƙarƙashin ƙafa ba tare da ɗigon mai ya zuba ƙasa ba.

Makanike kaɗai ke ganin wannan ramin. Mai mota sauƙi yake nema, kuma idan wannan gareji ya ƙi aikin, na gaba zai karɓa. Wani mai sauraron shirina ya ce ai mai kuɗi ke da magana. Ban yarda ba. Ranar da motar za ta sauko gangaren Mbe daga Ngaundere da lodi, yaron mota da mai tallar doya a bakin titi ba su halarci cinikin ba, alhali a kan rayukansu aka yi shi. Saboda su ne ya wajaba makanike ya ce a sa sabuwa, ko da zai rasa aikin.