Wanda Ya Ce A Dakata

Wata asuba cikin hunturu, a tashar Sokode, direbanmu ya ƙi tashi zuwa Dapaong. Wai hazo ya rufe hawan Aledjo, sai rana ta ɗaga. Muka yi masa ca, har da ni: "Haba direba, ai Allah ke tsarewa!" Ya ce haka ne, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Na daɗe ina ɗaukar maganata tawakkali, sai da na karanta labarin kumbon Challenger. A jajibirin 28 ga Janairun 1986, a Amurka, injiniyoyi suka ce kada a harba shi: sanyi ya yi yawa a Florida, zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar zai sandare. Manya suka nemi hujjar cewa lallai za a yi hatsari. Ina za su samo ta? Aka harba. Bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai.

Abin da ke damuna, mai cewa a dakata ba shi da abin nunawa. In an bi maganarsa aka tsira, sai a ce ya ɓata wa mutane lokaci. Gaskiyarsa ba ta fitowa sai an ƙi ta, kuma da gawa take fitowa. To wa ya kamata ya kawo hujja, mai tsoro ko mai gaggawa? Ni dai na ga sunan Allah na ara na rufe gaggawata.

Mun isa Dapaong bayan la'asar, lafiya lau. Na sauka ina ƙunƙuni, ko sannu ban yi masa ba.