In Ba Za a Gyara Ba, Me Ya Sa Aka Tambaya?



Maganar da nake so mu duba a wannan karon ƙarama ce a ido, amma idan aka zauna aka auna ta za a ga ta taɓo gaskiya da amana, ta kuma taɓo tukunyar da yawa daga cikinmu. Maganar kuwa ita ce, mai sana'ar da ya tambayi mai sayen kayansa, "Yaya kika ga kayan namu?" aka faɗa masa aibinsu, ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai, sannan ya ci gaba da abinsa yadda ya saba, shin ya yi laifi ko bai yi ba?

A zamanin nan tambaya ta yi arha. Kin je banki kin sha layi kin fito, kafin ki iso gida sai ga saƙo a waya, wai ki ba su maki daga 1 zuwa 5. Kin kai yaro asibitin kuɗi, a miƙo miki takarda wai ki rubuta yadda aka karɓe ki. Ƙarshen zangon karatu ya zo, makarantar yara ta aiko da tata takardar ta jin ra'ayin iyaye. Wani wurin ma akwati ne aka kafa a bango domin masu ƙorafi, amma da kin dube shi kin san an daɗe ba a buɗe ba, don kwaɗon ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Baɗi ki dawo, layin nan yana nan, ɗaure fuskar nan tana nan, kuma a sake miƙo miki wata takardar ba kunya ba tsoron Allah.

Wata za ta ce, to mene ne abin laifi a ciki? Ai kayansa ne, kuɗinsa ya zuba, in ya ga dama ya gyara, in bai ga dama ba ya bari. Gaskiya ne kayansa ne. Da bai tambaya ba, da babu mai cewa ya ci amanar kowa, iyaka dai a ce ba shi da lura. Amma tunda ya buɗe baki ya tambaya, magana ta canza. Domin kuwa duk wanda ya ce miki "faɗa mini inda na kasa", ma'anar zancensa ita ce zai duba abin da kika faɗa. Ko bai furta ba ya ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Ke kuma a kan wannan alkawarin kika ba shi lokacinki, kika ajiye aikin gabanki, kika danne kunyarki kika faɗi abin da ba kya son faɗa. Mu da aka rena da kara da kawaici mun san nauyin da ke cikin duban idon mutum a ce masa kayansa ba su yi ba. To wanda ya karɓi wannan duka alhali tun farko ya ƙudurta a ransa ba zai taɓa komai ba, ai ya karɓi abinki ne da sunan ƙarya. Ya nuna miki fuskar mai saurare, cikinsa kuwa babu niyyar ji. Algus ba a cikin mudu kaɗai yake ba, 'yar uwa, har a cikin magana ana yin sa.

Sannan ɓarnar ba ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. Wadda aka tambaya sau biyu sau uku ba ta ga canji ba, a karo na huɗu cewa za ta yi "ba komai, ya yi kyau", ta wuce. Daga nan mai sana'a ya toshe wa kansa ƙofar gaskiya da hannunsa. Zai riƙa jin yabo kullum, ciniki kuwa yana ja da baya, yana ta zargin maƙiya da masu baƙin ciki, bai san shi ya koya wa mutane yin shiru ba. Shiru kuwa ai magana ce. Mai saye ba ta cika tsayawa faɗa ba, hanya kawai take canzawa.

Bari in kawo miki misali daga manyan kamfanonin duniya, don ki ga abin ba na mai ƙaramin jari kaɗai ba ne. Kamfanin Coca-Cola da ke birnin Atlanta a ƙasar Amurka ya fara sayar da lemonsa tun 1886. Da ya ga abokin gogayyarsa Pepsi, wanda ya fi zaƙi, yana ta janye masa masu saye, sai ya haɗa wani sabon ɗanɗano, ya bai wa mutane kusan 200,000 suka kurɓa ba tare da sun san wanne ne wanne ba, mafi yawansu suka ce sabon ya fi daɗi. Ranar 23 ga Afrilu, 1985, kamfanin ya sanar da cewa ya daina yin tsohon, ga sabo nan. Ai kuwa sai gari ya ɗauka. Mutane suka yi ta rubuto wasiƙu, wasu suka shiga sayen tsohon suna ɓoyewa. Kiran wayar da kamfanin yake samu daga masu saye ya tashi daga kamar 400 a rana zuwa 1,500. Kwana 79 kacal aka yi, ranar 11 ga Yuli, 1985, shugabannin kamfanin suka fito gaban 'yan jarida suka ce sun ji, tsohon lemo ya dawo. Sabon kuwa ya yi ta jan ƙafa har aka daina yin sa gaba ɗaya a 2002.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, sun yi tambaya amma ba su yi ta cikakkiya ba. Sun tambayi mutane wanne ya fi daɗi a kurɓi ɗaya, ba su fito fili sun auna yadda za a ji in aka ɗauke wanda aka saba da shi tun ƙuruciya ba. Na biyu, kuma shi ne abin koyi, da kuka ya yi yawa ba su tsaya girman kai suna cewa ai mun kashe kuɗi mun yi bincike ba. Sun sauko, mutane kuma suka ƙara riƙe su.

Akwai kuma kamfanin Domino's, shi ma na Amurka, mai sayar da wata irin gurasa da ake shafa wa miyar tumatir da cuku a gasa. A ƙarshen 2009 ya tara maganganun da masu saye suka faɗa a kan abincinsa, har da masu cewa gurasar kamar kwali take a baki. Maimakon ya ɓoye, sai ya nuna su a tallarsa ta talabijin, ya amsa cewa gaskiya aka faɗa, ya canza kwaɓin da miyar da cukun. A watanni ukun farko na 2010 cinikin shagunansa na Amurka ya ƙaru da sama da kashi 14 cikin ɗari. Kin ga ashe gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

To amma kada mu tafi da nisa, mu dawo cikin gidajenmu. Mu nawa ne muke da sana'a a tsakar gida? Wata ƙosai, wata waina, wata zoɓo da kunun aya, wata ɗinki, wata kitso da lalle, wata dillancin atamfa da kayan kicin. Ke ma kamfani ce, uwargida, illa dai ba ki da takardar jin ra'ayi. Taki takardar ita ce bakin yaran da ake aikowa saye. Yaro ya ce, "Umma ta ce jiya gishiri ya yi yawa." Maƙwabciya ta dawo da riga ta ce hannun ya matse ta. Me kike yi a lokacin? Da yawanmu sai rai ya ɓaci, a ce, "Je ka ce mata in ba ta so ta bari, ba dole." Alhali jiya-jiyan nan ke da bakinki kika ce mata, "Don Allah Maman Abba in kin ga gyara ki faɗa mini." Ashe yabo kike nema, kika sa masa rigar neman shawara.

Na san akwai mai cewa, in ka biye wa bakin mutane ba za ka yi sana'a ba. Wannan ta ce yaji ya yi yawa, waccan ta ce bai ji ba, wata kuma hassada ce kawai ke cin ta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda ya ce duk abin da aka faɗa sai an yi. Haƙƙin da ke kan wanda ya yi tambaya shi ne ya auna amsar da zuciya ɗaya, ya gyara abin da ya tabbata gyara ne, abin da ba zai iya ba kuma ya koma ya yi bayani. In mutum ɗaya ya faɗi abu, ki riƙe shi a ranki ki sa ido. In mutum uku da ba su haɗa hanya ba suka faɗi abu guda, to ki daina kiran sa hassada, ki leƙa tukunyarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ya ci kuma shi ya san abin da ya ji a bakinsa.

In kuwa abin ya fi ƙarfinki, faɗin gaskiya ma aiki ne da shawara. An ce ƙosanki ya ƙanƙance, ke kuma kin san wake da man gyaɗa ne suka yi tsada. Kada ki yi fushi, kada kuma ki ce "za a gyara" alhali kin san ba za a gyara ba. Ki ce, "Wallahi Yaya kayan ne suka hau. Wanne kuka fi so, in bar girmansa in ƙara kuɗi, ko in bar kuɗin yadda yake?" Kin ga kin yi tambaya cikakkiya, irin wadda masu lemon can suka kasa yi da farko. Kuma ranar da kika gyara wani abu saboda maganar wata, ki aika a gaya mata. Wannan 'yar kalmar ita za ta sa gobe ta sake faɗa miki gaskiya, ta kuma tsaya miki a bayan idonki.

Mu da muke Musulmi ma ba sai mun je Amurka neman misali ba. A shekara ta 6 bayan hijira, da aka ƙulla sulhun Hudaibiyya, sahabbai sun shiga baƙin ciki mai tsanani saboda za su koma ba su yi umra ba, har aka umarce su da su yanka hadayarsu su yi aski amma aka rasa mai tashi. Manzon Allah (SAW) ya shiga wurin matarsa Ummu Salama (RA) ya gaya mata halin da ake ciki. Ta ba shi shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa dabbar, ya kira mai aski ya yi masa. Haka kuwa ya yi, sahabbai na gani suka tashi gaba ɗaya suka bi. Fiyayyen halitta ke nan, ya saurari shawarar mace a cikin ɗaki, ya fita ya aikata ta nan take. To wace ce ni, wace ce ke, da za mu ga girmanmu ya wuce a ce mana miya ta yi tsami?

Saura kuma ɓangarenmu na masu saye, don igiyar nan bakinta biyu. In an tambaye ki, ki faɗi gaskiya cikin ladabi, ke da ita, ba a tsakiyar taron biki ba. Kada ki ce wa tela "kai, ya yi kyau" sannan ki je gidan suna ki zauna kina yaga ta, wannan ya zama gulma, kuma kin hana ta damar gyarawa. Ki faɗi abin da ya faru daidai, ba ƙari, ki kuma haɗa da abin da ya yi kyau in akwai. In kuwa babban kamfani ne ya cuce ki ya ƙi saurare, a Nijeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ana kai mata ƙara. Sai dai hukuma iyakarta ta sa a biya ki haƙƙinki, ba ta iya dasa wa mutum niyyar gyara a zuci. Wannan sai tarbiyya da tsoron Allah.

Saboda haka 'yar uwa, kafin ki ce wa wata "yaya kika gani?" ki fara tambayar kanki ko kin shirya jin amsar, kin kuma shirya taɓa wani abu a kanta. In ba ki shirya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ki yi shirunki ya fi miki. In kuwa kin tambaya, to kin karɓi amana, sai ki sauke ta. Da an ce kunne ya ji, jiki ya tsira, ai jin da aka yi aiki da shi ake nufi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zuciyar karɓar gyara da harshen faɗin gaskiya, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, amin summa amin.

Wassalam.