A Gyara Rumbu Tun Hatsi Yana Gona

Karatu: Farawa 35:16-20

Mun san labarin Rahila matar Yakubu. Naƙuda ta kama ta kafin su kai Efrata, ta haifi Biliyaminu, ta rasu, aka binne ta a bakin hanya. Mu mazauna ƙasar Sabon Birni da Isa, wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Sakkwato da nisa, tafiyar dare kuwa ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga.

Cikin abubuwan da ke ɗauke mana mata akwai hawan jini. Mace takan yi shekaru da shi ba ta sani ba, gama ba safai yakan yi ciwo ba. Sa'ad da ta sami ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, aikin zuciya ya yi nauyi. In hawan jinin ya tsananta, sai ciwon kai, da kumburin fuska da hannu, da gani dishi-dishi, daga baya jijjiga. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne.

Bayan haihuwa ma zuciya takan gaza. A shekara ta 2007 likitoci a Sakkwato suka ba da labari cewa wajen mace 1 cikin 100 da suka haihu a asibitinsu ta gamu da wannan ciwo. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka ja kunne a kan yawan kunun kanwa ga mai jego.

Manomi mai hankali ba ya jira sai an yanke gero kafin ya gyara rumbu. Haka nan, maigida, ka kai matarka asibiti a auna jininta tun ciki bai shiga ba. In awo ya kai 140 bisa 90, ku bi maganar likita. Wadda take shan magani ta gaya masa tana neman haihuwa, gama waɗansu magunguna suna cutar da ɗan tayi. A rage gishiri da kanwa.

Wataƙila wani zai ce, ashe wannan ba rashin bangaskiya ba ne? A'a. Yusufu ya dogara ga Allah, duk da haka ya tara hatsi shekara 7 a Masar. Luka kuma, marubucin Bishara, likita ne.

Ubangiji shi kiyaye matanmu, shi sauke su lafiya. Amin.